Aljihun Ciki

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa Aníbal bai yi laifi ba, wai kasuwa kasuwa ce, duk na gani. Ku karanta wannan shafin tukuna, in ya so sai ku sake faɗa.

*

Rana ta take tsaka Zulema ta sauka daga babur ɗinta a ƙofar siton yayanta Aníbal, babban dilan lemo da giya na garin. Ko makullin ba ta cire ba. A hannunta akwai rigar sanyi mai hula, shuɗiya, ɗaya daga cikin waɗanda ta ɗinka wa 'yan ajin ƙarshe na makarantar 'yarta Aldana.

Kowa a garin nan ya san Ranar Farko ta Ƙarshe. Daren da za a koma makaranta, 'yan ajin ƙarshe su kwana suna rawa da ganguna a gidan gonar da aka kama musu haya, gari na wayewa su wuce makaranta kai tsaye, fuska duk fenti, cikin sababbin rigunan sanyi, ko da zafin Maris zai gasa ƙwai a kan kwano. Abin da ake sha a wurin kuwa iyaye sun sani, malamai sun sani, 'yan sanda sun sani, kowa ya kau da kai.

Jiya kau da kan ya ƙare. Ana tsakiyar taken ƙasa, Aldana na gaba riƙe da tuta, sai wani yaro mai suna Tiziano, ɗan shekara goma sha biyar da ko ajin ƙarshen bai kai ba, ya yanke jiki ya faɗi a filin makaranta. Kwalba ta silalo daga cikin rigarsa ta fashe a kan siminti. Har yanzu yana asibiti bai farfaɗo ba. Da aka tambayi yara wa suka ba kuɗin bikin, baki ɗaya suka ce Aldana, don ita ce wakiliyar aji, ta wayarta kuɗin ya bi ya isa hannun kawunta. Yau ƙarfe huɗu shugabar makaranta ke jiransu, kuma maganar kora ake yi.

Aníbal na zaune ƙarƙashin fanka, ƙafa a kan akwatin lemo, ƙwaryar mate, shayin ganyen da ake zuƙa a garin nan, a hannu, tumbi ya ture maɓallin riga. Kamar ba a garin aka yi abin ba.

"Ƙanwata ta kaina. Da ranar nan? Zo ki zauna, yanzu na sake ganye."

Ya tsiyaya ruwan zafi daga fulas ya miƙo mata. A garin nan ko maƙiyinka ne ya miƙo maka mate, sai ka karɓa ka zuƙa tukuna rigima ta biyo baya. Zulema ta bar hannunsa a miƙe.

"To, abin ya kai can?"

Ta zagaye teburinsa, ta yaye labulen robar da ya raba sito da bayan gida. Katan-katan ne jere har rufi, da wani katon baho da mazurari a ciki, wurin sai warin barasa da garin lemo. Ta zaro kwalba ɗaya, ƙarama, mai faɗi, mai siririn wuya. Ta dawo ta shimfiɗa rigar a kan tebur, ta juya cikinta, ta zura kwalbar a aljihun da ke ɓoye ƙarƙashin hammata.

Kwalbar ta shige ta zauna ɗas. Ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ba, har wuyan ya sami gurbinsa.

"Yaya, me ka ce min aljihun nan na mene ne?"

"Zulema..."

"Me ka ce min?"

"Na waya."

"Na waya. Ka kawo min kwali da ka yanka ka ce in bi awonsa, don kada a sace wa yara waya a wurin rawa. Har na yi dariya na ce yaushe waya ta yi wuya, ka ce wurin igiyar abin sa wa a kunne ne. Haka aka yi ko ba haka ba?"

"Waya ma tana shiga ai."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

Ya ajiye ƙwaryar a hankali. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ko gezau bai yi ba. Mutumin da idan direbansa ya fasa kwalba ɗaya sai unguwa ta ji muryarsa, yau ɗan mutane na kwance da roba a hanci, shi kuwa yana neman inda zai ajiye mate kada ya zube.

"Rage murya, akwai ma'aikata a waje."

"Su ji. Ajin Aldana ko rabin rigunan da ka sa na ɗinka ba su kai ba. Na tambaye ka, ka ce wasu biyu suke so, ɗaya ta sawa ɗaya ta tarihi. Ashe ƙananan ka sayar wa. 'Yan aji uku, 'yan aji biyu. Duk mai riga ya shiga gidan gona, duk riga da kwalbarta."

"Su suka zo suka roƙa."

"Yaro ya roƙi wuƙa sai ka ba shi?"

"Ke, dakata ki ji. Kafin in shigo harkar nan ina yaran nan suke sha? A bakin titin manyan motoci. A bakin rafi. Kin manta shekarar da aka tsamo ɗan mai gidan burodi a ruwa? Ni na ba su katanga, na ba su masu gadi, na ba su ƙanƙara da mota. Sha dai sai sun sha, da ni da ba ni. To don me kuɗin zai tafi aljihun wani?"

"Sai ya zo naka."

"Namu."

"Kada ka sa ni."

"Ke kuma kina ganin iyayen ba su sani ba? Ki duba wayata. Matar kansila da kanta ta kira ni, wai in tabbata giyar fernet ɗin ɗanta mai kyau ce, ba ta son a ba shi na banza. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari."

"Uwar Tiziano ma ta kira ka?"

Ya kau da kai, Zulema ta ci gaba.

"Wanki da guga take yi a gidajen mutane. Yaron ya ce mata kuɗin littattafai ne. Tun jiya take zaune a barandar asibiti da silifas ɗin banɗaki, don da su aka kira ta. Ita ma daddawa ce?"

"Yaron bai ci abinci ba ne ya sha. Laifina ne?"

Zulema ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Wannan ne ya goya ta a keke zuwa makaranta suna yara. Wannan ne ya riƙe Aldana a coci ranar baftisma, ya yi alkawari a gaban Allah da limamin cocin cewa shi ne ubanta na biyu. Hawaye ya taho mata, ta mayar da shi, don ba ta zo nan ta yi kuka ba.

"Ƙarfe huɗu za ka bi ni makaranta. Ka faɗa musu da bakinka cewa Aldana ba ta san komai ba. Kuɗin riga da ganguna da mota ta tara, ta turo maka, shi ke nan."

Aníbal ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Zauna mana, kin tsaya min a ka kamar mai karɓar haraji."

"Ba zan zauna ba."

"To ji nan a tsaye. Na yi magana da lauya da safe. Maganar mai sauƙi ce. Aldana shekararta goma sha bakwai, yarinya ce a idon doka. Ta ce ita da ƙawayenta suka shirya, suka saya wurin wani mai mota da ba su san sunansa ba. Makaranta ta yi ihunta, ta sallame ta, shi ke nan. Ba mai ɗaure yarinya."

Zulema ta matso bakin tebur.

"Sake faɗa."

"Kin ji ni. Ni kuwa in sunana ya fito, a rufe sito, a ƙwace lasisi, wataƙila in kwana a ciki. Bakuna nawa ke ci daga wurin nan? Ki lissafa."

"Yarinyar da ko ɗigo ba ta sha ba. Da wuri ta baro su ta dawo gida ta kwanta, don kada hannunta ya yi rawa a kan tuta. Tun tana aji ɗaya take kwana a kan littafi don tutar nan da ba a ba kowa sai wanda ya fi maki, Yaya. Ka san in an kore ta tallafin zama a birnin Córdoba, inda jami'ar take, ya tafi, karatun likitan ya tafi."

"Ni zan biya. In sa ta makarantar kuɗi ta ƙarasa shekarar, in kama mata ɗaki a Córdoba da kaina. Me ya yi zafi?"

"Da kuɗin Tiziano?"

"Kuɗi ba shi da suna."

"Sunanta fa? Ta rinƙa wucewa a garin nan ana nuna ta, ga wadda ta shayar da ɗan mutane. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kai ne ubanta na baftisma fa."

"Shi ya sa nake nema mata hanyar da ba za ta ji ciwo ba. Nan da wata biyu an manta. Garin nan me bai manta ba?"

"In yaron ya mutu fa?"

"Ba zai mutu ba."

"Kai ke riƙe da ransa?"

Ya tashi tsaye. Murmushin ya tafi, sai ga ainihin fuskar, irin wadda masu shaguna ke gani in sun yi masa gardama.

"Na ga kin zo da zafi, bari in sanyaya ki. Keken ɗinkin da kike taƙama da shi, mai yin ado da kansa, wa ya saya?"

"Aro ka ce. Ina biya."

"Da wane aiki kike biya? Da facin wandon makanikai? Tun da uban Aldana ya tafi kudu aikin haƙar mai ya manta hanyar gida, wa ya riƙe ku? Maganin zuciyar Tsohuwa, uwar da ta haife mu, wa ke saya duk wata? Kina tsammani daga lemon kwalba yake fitowa? Lemo ba ya gina gida, ƙanwata. Ranar Farko ta Ƙarshe, da bikin ɗalibai na Satumba, da liyafar kammalawa, su ne daminata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"Ban san lada ba ne."

"Ba ki so ki sani ba dai. Kwali mai wuya, Zulema. Ke da kike duban mace sau ɗaya ki faɗi awon ƙugunta."

Maganar ta soke ta, don akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Ta tuna daren da take yanka, ta juya kwalin nan a hannu, wani abu ya ɗarsu a ranta, sai ta tuna kuɗin wuta ta ci gaba da yanka. Amma mai sayar wa yara barasa ba shi ne zai tsaya ya yi mata wa'azi a kan wannan ba.

"Ko na sani ko ban sani ba, yau na sani. Zan je in faɗa."

"Je ki."

Ya jawo rigar, ya juya wuyanta, ya nuna mata ɗan farin ƙyallen da ke liƙe a ciki. Ɗinkin Zulema, da lambar wayarta a ƙasa, da zare ja. Ranar da aka kawo mata tambarin nan daga masaƙa har hoto ta ɗauka ta tura wa dangi.

"Sunan wa ke nan? Sunana ne?"

Ya ɗaga ƙyallen daidai idonta ya ci gaba.

"A duk rigar da ke garin nan, ba inda aka rubuta Aníbal. Kuɗi ya shiga wayar 'yarki. Aljihu ya fito daga kekenki. Ni lemo na kai gidan gona, da rasit ɗina. Bayan labulen nan kuwa kafin ƙarfe uku ba za ki sami ko murfi ba. Ki je ki ce Yaya ne, su ce ina shaida, ki ce kwali. Ke ba yarinya ba ce a idon doka fa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Tun farko ka shirya shi haka."

"Kasuwa ce. Ana shiga da shirin fita."

"Da ƙanwarka da 'yarta ka yi ƙofar fita."

"Ba wanda zai ji ciwo in kun bi maganata. Kuma tun da kin zo, rigunan makarantar fasaha da ke wurinki, nasu bikin Litinin mai zuwa ne. Ki ƙarasa min su kafin Juma'a."

Zulema ta ƙura masa ido. Ɗan mutane na tsakanin rai da mutuwa, shi lissafin Litinin yake yi. Ta ɗauki ƙwaryar mate ɗin da ya miƙa mata ɗazu, ta kife ta a kan takardunsa, koren ruwa ya malale har ƙasa.

"Ga amsarka."

"Za ki yi wa Tsohuwa bayani da bakinki," in ji shi, yana janye wayarsa daga ruwan. "Likita ya ce ko ƙarar ƙofa ba a so ta ji. Ki je ki ce mata kin kai ɗanta kurkuku, mu ga wa zai ɗauki gawa."

Ta fizgi rigar sanyin za ta juya, sai idonta ya sauka a bayan fulas ɗin. Farar safar hannu ce guda ɗaya, irin ta mai riƙe tuta. Ta san ta, don ita ta ɗinke ɗan yatsan da ya ɓarke daren Lahadi. Aldana ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba. Yarinyar da bakin siket ɗinta ya taɓa warwarewa a makaranta ta kama shi da abin maƙala takardu, har yau ana yi mata tsiya a gida.

"Me safar Aldana ke yi a nan?"

"Ta manta ta."

"Yaushe ta zo?"

"Da safe, kina can wajen asibiti. Laifi ne yarinya ta zo gaida kawunta?"

"Me ka ce mata?"

"Mun sha mate, mun yi hira. Yarinya ce mai hankali. Ta fi uwarta."

Zulema ba ta san lokacin da ta kai bakin babur ba.

*

A gida ba kowa. Abincin da ta rufe wa Aldana na nan ba a taɓa ba, wayarta a kashe. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ta ga yarinyar ta fita tun ɗazu cikin kayan makaranta, ta gaishe ta ba ta amsa ba. Zulema ta juya babur.

Ƙarfe huɗu bai yi ba ta tura ƙofar ofishin shugabar makaranta, ba sallama.

An riga an fara. Malama Ferreyra na bayan tebur, tabarau a kan hanci. A gefe wata siririyar mace ce zaune a bakin kujera, idanu sun kumbura, da silifas ɗin banɗaki a ƙafa. Ramona ke nan, uwar Tiziano. Aldana na tsaye a tsakiya, hannu a baya, gashi a ɗaure tsaf kamar za ta ɗauki tuta. Ba ta waiwayo ba.

A kan tebur ga rigar Tiziano, wadda aka yanke daga jikinsa a motar asibiti.

"Kin zo a daidai," in ji Malama Ferreyra. "Zauna. Aldana ce ta zo da wuri, ta ce tana da magana."

"Malama, kada ki saurare ta, ni ce mai..."

"Za ki yi taki. Amma bari in faɗa muku abu ɗaya ku duka. In yaron nan bai tashi ba, maganar ta bar ofishin nan ta koma gaban alƙali, kuma a can shekara goma sha bakwai ba yarinta ba ce kamar yadda wasu ke zato. Kowa ya auna abin da zai fito daga bakinsa."

Kafaɗar Aldana ta ɗan motsa. Wannan kam kawu bai faɗa mata ba.

Malama Ferreyra ta juya cikin rigar, ta sa yatsa biyu a aljihun.

"Na yi shekara da shekaru ina binciken jakunkuna a bakin ƙofa ranar nan. Jiya na bincika, ban ga komai ba, har na yi wa kaina murna. Ashe ta nan suka wuce da ita a gabana. Wannan ba aikin yara ba ne, an zauna an auna shi. Wa ya ɗinka?"

Zulema ta buɗe baki.

"Ni ce," in ji Aldana.

"Aldana."

"Ni ce, Malama. Mama ta ɗinka rigunan kawai. In ta yi barci sai in tashi in hau kekenta in ƙara aljihun. Ba ta sani ba. Abin shan kuma wurin wani mai farar mota muka saya, ban san sunansa ba."

Tiryan-tiryan, kamar karatun hadda. Zulema na jin muryar yayanta a cikin kowace kalma, har inda ya ce a ja numfashi.

Ramona ta ɗago kai ta dubi yarinyar.

"Ke? Ke da kike zuwa gidanmu kina koya masa lissafi? Na dafa miki abinci da hannuna. Hotonki da tuta yake nuna min, yana cewa shi ma wata rana."

"Ki yi haƙuri, Inna Ramona."

"Haƙuri zai tashe shi?"

Hawaye na zuba a fuskar Aldana, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

"Ƙarya take yi," in ji Zulema.

"Mama, don Allah."

"Ƙarya take yi, Malama. An tsorata ta ne."

"Ba wanda ya tsorata ni."

"Ni dai ga mai laifi ta amsa da bakinta," in ji Malama Ferreyra, muryarta a gajiye. "In kina da abin da ya fi wannan, ki kawo."

Zulema ta dubi 'yarta. Ta dubi ɗan farin ƙyallen da ke wuyan rigar, da sunanta a jiki da zare ja. Ta san abin da za ta yi yanzu ba shi da komowa: keke, da shago, da sunan da ta yi shekaru tana ginawa, wataƙila har da kwana a gidanta. Sai ta ji zuciyarta ta tsaya wuri ɗaya, karo na farko tun jiya.

Ta jawo rigar Tiziano, ta sa hannu biyu a bakin aljihun ta ja, ɗinkin ya ɓarke kiii. Ta zare allurar da kullum ke soke a ƙirjin rigarta, da zarenta a jiki, ta ajiye a gaban Aldana.

"Mayar da shi."

"Mama..."

"Ba ke kika ɗinka ba? Duk rigunan nan, ke kaɗai, cikin dare. To ga guda ɗaya. Mayar da shi yadda yake, mu gani."

"Da keke na yi."

"Akwai keke a ɗakin koyon sana'a, ko ba haka ba, Malama? Mu je can. Ki sa masa zare kawai, ban ce ki ɗinka ba. Ki nuna mana inda zare ke bi."

Aldana ta ɗauki allurar. Ta juya ƙyallen ta nan, ta juya ta can, ba ta ma san ta wane gefe ake kamawa ba. Ta soka, allurar ta shige mata ɗan yatsa, jini ya tsatso a kan shuɗin yadin.

"Mama, ki bari," ta ce a hankali. "Ya ce ke ɗaure ki za a yi. Ya ce ni ba abin da za a yi min. Ya ce Kaka mutuwa za ta yi."

"Wa ya ce?" in ji Malama Ferreyra.

Aldana ta rufe baki da hannu.

Ramona ta miƙe tsaye. Yanzu ba yarinyar take kallo ba.

"Ke ce ke nan."

"Ni ce," in ji Zulema. "Da hannun nan na yanka, da shi na ɗinka, har da ta ɗanki. Ba zan ce miki ki yafe min ba. 'Yata dai ba ta da hannu a ciki, ku bar mata tutarta. Amma ba ni na auna shi ba. Kawo min awon aka yi a kwali, kuma wanda ya kawo shi, shi ya cika kwalaben, shi ya sayar wa ƙananan yara riguna, shi ya kwashe kuɗin. Sunansa..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, cikin ladabi.

Aníbal ne ya turo ta, ya sa farar riga mai guga, ya taje kai. Ba shi kaɗai ba ne. Rataye a hannunsa ga Tsohuwa, mahaifiyarsu, da sandarta da mayafin zuwa coci, tana haki daga ɗan matakalan da ta hawo, leɓɓanta sun yi duhu. Wata uku rabon da ta taka ƙofar gida.

"A gafarce mu, Malama," ya ce. "Tsohuwa ce ta ji an taɓa jikarta, ta ce sai ta zo ta ji da kunnenta."

Ya jawo kujera ya zaunar da ita daidai gaban Zulema, ya gyara mata mayafi, ya tsaya a bayanta ya dafa kafaɗunta biyu.

"Mun katse ki, ƙanwata. Ci gaba. Wa kika ce ya kawo miki awon?"